Yadda Ake Zaɓar Kit, Zane da Ganga Kafin A Fara Haɗa Samfurin Jirgin Ruwan Yaƙi

Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya yi motar kara, ko kuwa ya zauna ya ga ana yi: a fere kara, a ciro totuwa, a soke da tsinke, a yanka tsohon silifas a yi taya. Haɗa samfurin jirgin ruwan yaƙi ɗan'uwan wannan wasa ne, sai dai shi ba a yin sa da ƙiyasin ido. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a wannan aiki mudun ake so. Akwai jirgi na gaske da ya taɓa ratsa teku, tsawonsa sananne, adadin igwoginsa sananne, kai kuma aikinka ka mayar da shi ƙarami ba ƙari ba ragi.

Jiragen da nake nufi su ne manyan nan masu sulken ƙarfe da manyan igwogi, waɗanda suka mallaki teku daga fitowar Dreadnought na Ingila a 1906 har zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Ni kuskuren da na fara yi shi ne na ga hoto a jikin kwali ya burge ni, na biya kuɗi, sai da kaya suka iso na fara tambayar kaina inda zan ajiye shi da abin da zan manna shi da shi. Sayen kit, wato kwalin sassan jirgi da ake saye a haɗa, shi ne kusan abu na ƙarshe. Ga abin da ke gabansa.

Mataki na ɗaya: wane jirgi, kuma a wace shekara?

Sunan jirgi kaɗai bai isa ba, domin jiragen nan suna sauya kama kamar gidan da ake ta yi wa kwaskwarima. Yamato na Jafan ya shiga aiki a Disamba 1941 da ɗakuna huɗu na matsakaitan igwogi, wato rumfunan ƙarfe masu juyawa da igwogin ke ciki. A 1944 aka cire biyun da ke gefe da gefe aka cika wurin da bindigogin kakkaɓo jiragen sama, kuma da wannan kama aka nutsar da shi ranar 7 ga Afrilu 1945. Missouri na Amurka, wanda a kansa Jafan ta sa hannun miƙa wuya ranar 2 ga Satumba 1945, shi ne dai ya harba makamai masu linzami a yaƙin Tekun Fasha na 1991, amma in ka jera hotunan shekarun biyu sai ka ce wa da ƙane ne. Bismarck na Jamus ya bar tekun Baltik a Mayu 1941 da zane-zanen baƙi da fari a gefensa, aka shafe su da fenti a Norway, bai fi mako guda ba aka nutsar da shi ranar 27 ga watan.

Wanda ke son jirgin da tarihinsa ya taɓa yankinmu na Afirka ta Yamma, ga Richelieu na Faransa. Ya gudo Dakar a Yuni 1940 ba a ma gama aikinsa ba, ya yi musayar wuta da jiragen Ingila a can cikin Satumba, sannan a 1943 aka kai shi New York aka sake masa kayan yaƙi. Duk manyan igwoginsa takwas a gaba suke, huɗu-huɗu a ɗaki biyu. Sai ka lura, kit da yawa kamarsa ta bayan gyaran New York suke nunawa, ba ta Dakar ba.

Ka rubuta suna da shekara a takarda. Duk abin da za ka saya nan gaba, da wannan takarda za ka auna shi.

Mataki na biyu: na kanta ne ko na ruwa?

Na kanta ado ne, ƙananan sassa ne darajarsa. Na ruwa kuwa yana da inji da batir da rimot, dole ya yi ƙwari, kada ya yi yoyo, kuma a iya buɗe shi a gyara. Wanda ya ce zai haɗa duka biyun a aikinsa na farko yakan ƙare da jirgin da ba ya kyan gani kuma ba ya tafiya. In yanzu za ka fara, yi na kanta.

Mataki na uku: sikeli

Lambar da ke jikin kwali, misali 1/350, tana nufin an raba kowane tsawo na jirgin gaske gida 350. Lissafin ba wuya: mayar da tsawon jirgin santimita, ka raba da lambar. Yamato mita 263 ne. A 1/700 zai fito kusan santimita 38, a 1/350 santimita 75, a 1/200 ya haura mita ɗaya da santimita 30. Bismarck mai mita 251 yana ba da santimita 36, da 72, da 125. Missouri mai mita 270 ya ɗara su duka. Ɗauki tef ka auna wurin da za ka ajiye shi tukuna, ka ƙara tazarar akwatin gilas, domin ƙurar hunturu ba ta barin jirgi tsirara, kuma goge ƙura a tsakanin bindigogi masu kaurin tsinke hanya ce ta karya su.

Sikelin 1/700 shi ne mafi sauƙin kuɗi da wurin ajiya, kuma shi ya fi yawan jirage. Kamfanonin Jafan huɗu, Tamiya da Hasegawa da Aoshima da Fujimi, suka haɗa kai a 1971 suka fara jerin da ake kira Waterline a wannan sikeli, suka raba jiragen a tsakaninsu. Matsalarsa ƙanƙanta: wasu sassan ba su kai ƙwayar gero ba, in ɗaya ya kuɓuce daga hantsaki ya faɗa kan tabarma, sai dai haƙuri. Shi ya sa ni 1/350 nake ba mai farawa shawara, ko da ya fi tsada. Yatsa na iya riƙe sassansa, ido na ganin abin da hannu ke yi. In tsawon santimita 75 ya yi maka yawa, ɗauki tsohon jirgi: Dreadnought a 1/350 bai wuce santimita 46 ba, Mikasa kuma, jirgin Jafan na yaƙin Tsushima a 1905, kusan santimita 38 ne.

Za ka ci karo da wasu lambobin: Airfix na Ingila da 1/600, Heller na Faransa da 1/400. Ba laifi, amma in kana da niyyar tara jirage ka jera, tsaya a sikeli ɗaya, in ba haka ba ƙaramin jirgi zai fi babba girma a kan kantarka.

Mataki na huɗu: zaɓar kit

Kit shi ne kwalin da ke ɗauke da sassan filastik a jikin firam, da takardar umarni, da tambura masu mannuwa da ruwa. Ba gam a ciki, ba fenti.

Abu na farko da za ka bincika shi ne shekarar zubi, ba shekarar kwali ba. Kamfanoni suna sake hoton kwali, amma ƙarfen da ake zuba filastik a ciki na iya kai shekara arba'in. Shafin Scalemates yana nuna tarihin kowane kit: yaushe aka fara zuba shi, da kamfanonin da suka sake sayar da shi da sunansu. Tamiya na da Yamato biyu a 1/350, tsoho na ƙarshen shekarun 1970 da sabo na 2011, kuma tazarar da ke tsakaninsu a yawan sassa da kuɗi ba kaɗan ba ce. Kada ka ɗauka tsoho shara ne. Tsofaffin jiragen Tamiya, irin su Bismarck da King George V da Prince of Wales, sassansu ba su da yawa, suna shiga juna ba gardama, kuma gangarsu, wato gangar jikin jirgin da ke zama a ruwa, guda ɗaya ce ba a raba ta biyu ba. Ga mai koyo wannan ya fi sabon zubi mai tarin ƙwalama. Tsohon zubin da za ka guje wa shi ne wanda ƙarfensa ya gaji, filastik na tsattsafowa a bakin kowane sashe, sai ka kwana kana kankara.

Na biyu, yawan sassa. Bismarck na Trumpeter a 1/200 sassansa sun haura 1,500. Abin sha'awa ne, amma aikin watanni ne masu yawa, kuma irinsa ne ke ƙarewa a saman wadrob rabi a haɗe. Jirginka na farko kada ya wuce sassa ɗari uku zuwa huɗu.

Na uku, gangar. Wasu kit an yanke su daidai layin ruwa, ƙasansu a shafe, kamar jirgin na zaune a teku. Wasu cikakkiyar ganga ce har da farfela, a ɗora a kan maƙalli. Wasu kuma suna ba ka zaɓi, saman daban ƙasan daban. Wannan na ukun yana da daɗin ji, amma haɗin tsakiyar nan yakan bar tsaga daga goshi har baya, sai an cike an goge. In ka san cikakkiya kake so, nemi wadda aka zuba a haɗe.

Kafin ka biya, nemi takardar umarnin kit ɗin a intanet ka karanta daga farko har ƙarshe, ka kuma kalli hotunan firam ɗin da wasu suka ɗauka. In ka ga mataki ɗaya an cusa sassa talatin da kibiyoyi ko'ina, ka san abin da ke jiranka.

Akwai kuma kayan ƙari, kuma nan ne kuɗi ke zurarewa. Kamfanoni irin su Eduard da Pontos suna yin siraran faranti na tagulla da aka zana shinge da tsani da rada a jiki, akwai bakin igwa na ƙarfe, akwai daɓen katako siriri mai gam a baya. Wani saitin ya fi kit ɗin kansa tsada. Shawarata, a jirgin farko sayi shingen gefe kawai, shi ne ke sa jirgi ya daina kama da abin wasan yara. Kuma kowane saiti an yi shi ne don kit guda: na Bismarck ɗin Tamiya ba zai zauna daidai a na Revell ba, ko da sikelinsu ɗaya.

Ga mai odar kaya daga waje, kuɗin dako da girman kwali ake lissafa shi ba nauyi kaɗai ba, kwalin 1/200 kuwa ya fi mita. Gam ɗin filastik da fentin feshi sau da yawa ba a ɗaukarsu a jirgin sama saboda suna kama wuta, don haka tabbatar da inda za ka samo su kafin kit ya iso. Gam ɗin filastik, irin Tamiya Extra Thin, narkar da fuskokin biyu yake su zama ɗaya. Sufa gulu na tagulla ne, in ka yi dukan jirgi da shi zai bar farin tabo kuma ya riƙa ɓallewa. Kada kuma ka bar kwalin a cikin mota a rana ta watan Afrilu, doguwar ganga na iya lanƙwashewa.

In aljihu bai kai ba, akwai jiragen kwali. Kamfanonin Poland irin su GPM da Halinski, da na Jamus masu sikelin 1/250, suna buga jirgi sukutum a littafi, ka yanka ka naɗe ka manna. Dakonsa ba tsada tunda a shimfiɗe yake, kuma a hannun gwani ba ka cewa takarda ce. Abokan gabarsa laimar damina da kyankyaso.

Mataki na biyar: zane

Mai haɗa kit zai iya wucewa da hotuna da takardar umarni. Amma wanda zai sassaƙa ganga da hannunsa, ko ya sayi ganga tsura ya gina samanta, ba shi da aiki sai da fulan.

Fulan iri biyu ne, kuma mutane da yawa ɗaya suke saya su ɗauka sun gama. Na farko yana nuna jirgin daga gefe da daga sama: inda ɗakunan igwa suke, bututun hayaƙi, gadar kyaftin, ƙananan kwale-kwale. Na biyu shi ne zanen layukan ganga, kuma in babu shi ba ganga. Shi ma kashi uku ne: gani daga gefe, gani daga ƙasa mai nuna faɗin jirgin a kowane hawa na ruwa, sai kuma wanda ya fi muhimmanci, wanda ke nuna jirgin kamar an yayyanka shi gunduwa-gunduwa irin yankan burodi. A wannan na ƙarshe rabin kowace gunduwa ake zanawa, bisa al'ada na gaban jirgi a dama, na baya a hagu, kowace da lambarta. Tambayi mai sayarwa kai tsaye ko akwai waɗannan gunduwoyi. In babu, hoto ka saya.

Zanen asali na jiragen Ingila yana gidan tarihin teku da ke Greenwich, kuma suna sayar da kwafi. Na Amurka suna ma'adanar takardun ƙasar, an kuma ɗora da yawa daga ƙananan littattafan fulan na jiragensu a intanet kyauta. Yamato kuwa labarinsa daban: Jafanawa sun ƙone yawancin takardunsa a ƙarshen yaƙi, don haka zanen da ake da shi yau an harhaɗo shi ne daga ragowar takardu da hotuna da binciken ɓaraguzansa a ƙarƙashin teku. Kada ka yi mamaki in zane biyu sun saɓa a kansa. Zaɓi ɗaya ka bi shi har ƙarshe, kada ka ɗebo nan ka ɗebo can.

Da wuya ka sami zane a daidai sikelin da kake so. Raba lambar zanen da lambar da kake nufi: daga 1/200 zuwa 1/144, 200 a raba da 144 ya ba da 1.39, wato a buga a kashi 139 cikin ɗari. Masu buga fulan ɗin gini suna da injin babbar takarda. Kafin a ƙara girman, ja layi mai tsawon da ka sani a tsaye da kuma a kwance a jikin zanen, in an buga ka sake aunawa, domin inji yakan ja takarda ta wani ɓangaren fiye da wani. Na taɓa yanka haƙarƙarin ganga, wato allunan da ke ba ta siffa daga ciki, guda goma sha biyu daga kwafin da aka buga mini a wani shago, sai da na zo jerawa na ga faɗinsu bai yi daidai da zanen sama ba, ashe shafukan biyu ba da girma ɗaya suka fito ba.

Lura kuma da wane tsawo aka rubuta. Akwai tsawon jirgi gaba ɗaya, akwai tsawonsa a layin ruwa, kuma bambancinsu a babban jirgi ya kai mitoci. Gwada faɗi ma: Bismarck mita 36 ne, Missouri kuwa mita 33, an matse shi ne don ya iya wucewa ta mashigin Panama.

Mataki na shida: ganga

Hanya uku ce. Mafi sauƙi, ka sayi gangar faiba da aka riga aka zuba. Deans Marine da Fleetscale a Ingila suna yin irin wannan, a sikeli kamar 1/96 da 1/128. In ta iso, wanke ta da sabulu don cire man zubi, in ba haka ba fenti ba zai kama ba. Ɗaura zare daga tsinin goshi zuwa tsakiyar baya, ka auna dama da hagu a wurare biyar ko shida. Gangar faiba takan buɗe baki ko ta tsuke a sama, sai ka sa sandunan katako a gicciye ka dawo da ita faɗin da zane ya ce. Wadda ta murɗe kuwa, goshi na kallon wani gefe, mayar da ita ya fi.

Hanya ta biyu Turawa na kiranta burodi da bota. Ana yanka alluna bisa layukan hawan ruwa, a huda tsakiyarsu don rage nauyi, a jera su ɗaya kan ɗaya da gam, a matse, sannan a sassaƙe matakalar da ta fito har ta yi sumul. Nan ne muke da sa'a. Katakon obeche, wanda masu wannan sana'a a Ingila ke saye da tsada, daga dazuzzukan Afirka ta Yamma yake fitowa: Yarbawa na ce masa arere, a Gana wawa, a Kamaru ayus. Fari ne, mara nauyi, yana bin wuƙa. Nemi busasshe sarai a kasuwar katako, ɗanye zai tsage ko ya bankare bayan ka gama wahala. Yanka kwali mai kauri bisa kowace gunduwa ta zane, ka riƙa kara shi a jikin gangar a daidai lambarsa. Inda haske ya ratsa ka ci da yawa, inda ya tokare da sauran aiki.

Hanya ta uku ita ce ta haƙarƙari, kuma ita ta fi dacewa da babban jirgi mai shiga ruwa, don tana barin ciki fayau. Naɗe takarda biyu, ka kwafi rabin gunduwa a bakin naɗin, ka yanka, ka buɗe, ga cikakkiyar gunduwa dama da hagu daidai. Rage kaurin itacen da za ka lulluɓa daga bakin kowace, in ka manta jirginka zai yi ƙiba. Yanka su a filawud mai kaurin milimita 4 zuwa 6, ka kafa su a kife a kan miƙaƙƙen allo mai layin tsakiya, ka ɗora ƙashin baya. Sannan ka fara manna siraran itace, ɗaya a dama ɗaya a hagu, bi da bi. Wanda ya gama gefe ɗaya kafin ya koma ɗayan, gam na bushewa zai ja gangar ta karkace. Goshi da baya, inda lanƙwasa ta yi tsanani, a sa guntun katako a sassaƙa. Daga nan sai cikon da masu gyaran jikin mota ke amfani da shi, samfefa, sannan siririn ƙyallen faiba da ruwansa.

Ko wace hanya ka bi, dubi ƙarƙashin jirgin a zane tun kafin ka rufe. Bismarck farfela uku gare shi, Yamato da Missouri huɗu-huɗu, Yamato kuma yana da ƙullutu a ƙasan goshi wanda in ka rasa shi duk mai sani zai gane. Ramukan sandunan farfela sun fi sauƙin hudawa tun ciki na buɗe.

Mataki na bakwai: nauyi, ga na ruwa

Tsawo sau ɗaya ake raba shi da lambar sikeli, nauyi kuwa sau uku. Bismarck da cikakken lodi ya kai tan 50,000. A 1/200, ka raba da 200 sau uku, ya ba da kilo shida da ɗoriya. A 1/350 kilo ɗaya da 'yan kai ne kacal, kuma a ciki za ka cusa ganga da inji da batir da duk ginin sama, abin da ya sa ƙananan jirage ke wahalar zama daidai a ruwa. A 1/100 kuma kilo 50 ne, buhun siminti guda, tsawonsa mita biyu da rabi. Tambayi kanka wa zai taya ka ɗauka, kuma a wace mota.

Kafin ka manna daɓe, sa gangar a ruwa tsura. Tankin kifi na tamfol ya wadatar. Ja layin ruwa da fensir, ka zuba inji da batir a wurarensu, ka ɗora wani abu mai nauyin ginin sama, sannan ka riƙa ƙara dalma a can ƙasa, irin wadda masu daidaita tayar mota ke maƙalawa, har layin ya taɓa ruwa gaba da baya. Danna gefe ɗaya ka saki. In ya miƙe nan take, madalla. In ya yi jinkiri, nauyin ya yi sama, sauke batir ƙasa ka rage kaurin kayan ginin sama. Bar shi a ruwan awa ɗaya da busasshiyar takarda shimfiɗe a cikinsa, in ka ɗago ta da danshi, fara dubawa daga inda sandunan farfela suka fita. Wuraren da dalmar ta zauna ka yi musu alama, ka fito da gangar ta bushe, sannan ka kafe kowace da Araldite.